Rijiyoyin Injiniya Uwani

Barci ya ɗauke ni bayan azahar, ina kishingiɗe a kan tabarma, takardar tarihin aikina tana kan ƙirjina. Na ajiye aiki a ma'aikatar ruwa, ina neman shiga wani kamfani mai haƙa rijiyoyin burtsatse. Da safe ƙanwata Rakiya, wadda ta daɗe a aikin kamfani, ta karanta takardar ta yi dariya har da riƙe ciki. "Yaya Mamuda, wannan ai jerin kujerun da ka zauna ne," in ji ta. "Su ba ruwansu da matakin albashinka ko kwamitin da aka saka ka. Me ka yi? Shi za ka rubuta." Na ji haushi ƙwarai, domin gaskiya ta faɗa. Bayan ta tafi na yi ta lalube na rasa, sai na rubuta cewa ni na farfaɗo da matattun rijiyoyin ƙauyukan yankinmu. Injiniya Uwani ce ta yi aikin, ita ta sha rana da taɓo, ni sa hannu na yi a kan rahoton aikin. Kuma na san ita ma gurbin nan take nema.

Sai na gan ni a ƙofar wani birni mai dogayen baranda, kamar sakatariya amma ba ta da iyaka. Wani dattijo ya tare ni. Malam Ilyasu ne, shugabana na farko a ma'aikata, wanda ya rasu tun da daɗewa. Na durƙusa na gaishe shi, ya ce, "Tashi, Mamuda. Biyo ni, ka buɗe ido."

Muka fara da wani dogon layi na masu manyan riguna. Duk wanda ya kai taga sai a ce masa, "Oga yana mitin, ka dawo gobe." Ya juya ya koma ƙarshen layi, leɓensa a bushe. Na ce, "Yallaɓai, su wane ne waɗannan?" Ya ce, "Waɗanda suka danne takardun talakawa ne, tsofaffi suka yi ta zarya har ƙafa ta gaza. A nan rana ba ta faɗuwa, saboda haka goben ba za ta zo ba."

Muka shiga wani ɗakin taro. Mutane jere a kujeru, shayinsu ya huce. Kowa zai miƙe ya karanto muƙamansa, da kwamitocin da ya zauna, da tarukan bitar da ya halarta. Idan ya gama sai wata murya ta ce, "Me ka yi?" Sai ya koma farko. Ta taga ina jin kukan dabbobi masu ƙishi, amma ba wanda ya waiwaya. Malam Ilyasu ya ce, "An ba su amanar jama'a, suka mayar da ita zama. Sun tafi da sunayen kujeru, kujerun kuma suna can wasu sun hau." Na sunkuyar da kai na yi sauri na wuce, don na ga fuskokin da muka sha shayi tare.

Na ce, "Ashe ma'aikatan gwamnati kaɗai ake kamawa?" Ya yi ɗan murmushi ya nuna mini wata rufaffiyar ƙofa. A gabanta masu kamfanoni ne tsaye cikin rana, tufafinsu sun sha guga, kowa rungume da takardunsa. "Waɗannan sun tara masu neman aiki daga garuruwa masu nisa suna yi musu tambayoyi, alhali sun riga sun ba ɗan uwansu gurbin. Yanzu su ke jira a kira su."

Daga nan muka fita wani fili. Ya ce, "Nan ne wurin waɗanda suka rubuta aikin wani da sunansu. Ba a dukan kowa a nan. Abin da mutum ya ce nasa ne, shi ake miƙa masa." Na ga wani da ya ce shi ya gina gada, an shimfiɗa shi a kan rafi, jama'a da jakuna suna bi ta bayansa. Na ga wata da ta ce ita ta horar da unguwarzoma, tana tsaye a kan mai naƙuda, ba ta san ta inda za ta fara ba.

Can gefe sai ga famfo a tsakiyar mata da bokitai. Wata tsohuwa ta hango ni, ta yi murna ta ce, "Alhamdu lillahi, ga shi nan! Ɗan nan, an ce kai ka gyara mana rijiyar nan wancan karon. Ta sake tsayawa." Aka danƙa mini sifana. Na duba famfon sama da ƙasa, ko kusoshin da zan fara kwancewa ban sani ba. Ba wadda ta zage ni. Jira kawai suke yi, kuma da zagin suka yi da ya fi mini sauƙi.

Na ce, "Yallaɓai, a kira Uwani!" Ya ce, "Kamfanin ya sallame ta. An ce mata an riga an ɗauki wanda ya yi aikin." Ya ce, "Wurin nan bai zama naka ba tukuna, takardar ba ta bar hannunka ba." Na ce, "To me zan rubuta? Ba ni da komai." Ya ce, "Kana da shi, raina shi ka yi. Wa ya bi takardar kayan gyara ofis-ofis har ta fito kafin damina? Wa ya zauna da dagatai har suka ba da fili ba rigima? Kaɗan ne, amma in aka miƙa maka shi za ka iya ɗauka."

Kiran la'asar ne ya tashe ni, rigata jiƙe da gumi. Bayan na yi salla na soke layin rijiyoyin nan, na soke jerin kwamitocin, na rubuta abin da na yi. Duk shekaruna a ma'aikata ko shafi ɗaya ba su cika ba. Abin ya yi mini ciwo, na ƙudura cewa sauran kwanakin aikina ba a kujera za su ƙare ba.

Sai na kira Uwani. Bayan gaisuwa na ce, "Injiniya, kin sa aikin rijiyoyin nan a takardarki?"

Ta ce, "A'a, Yallaɓai. Na ga sunanka ne a kan rahoton, sai na ga bai kamata ba."

Na san idan ta sa, da wuya su dube ni. Na ce, "Ki sa shi a layin farko. In sun nemi shaida, ki ba su lambata."