'Yar Farin da Ba a Ƙirga Ba

"Yaranki nawa?" in ji malamar ƙidaya daga tsakar gida.

"Biyu," Naja'atu ta amsa. "Usaini da Sada."

"Akwai mai lalura? Sikila, kurumta, farfaɗiya?"

"Lafiyarsu lau."

Ina cikin ɗaki, kan Inna Tasalla, mahaifiyar Naja'atu, yana bisa cinyata, ina ɗiga mata ruwa da cokali. Kwana uku ke nan ko kunu ba ya wuce mata. Na ɗauka ta daina jin komai, sai na ji ta damƙe mini wuyan hannu.

Katanga ce kawai tsakanina da su tun da 'yan bindiga suka koro su daga Ruma suka zauna nan Batsari, don haka na san yaran Naja'atu uku ne. Ga babbar nan kwance bayan kakarta: Hadiyya, 'yar shekara tara, mai farfaɗiya, da tabon ƙuna daga kafaɗa har gwiwar hannu, na ranar da ciwon ya kayar da ita kan murhu. 'Yar fari ce. Naja'atu kuwa ta riƙe kunyar ɗan fari gam-gam. Tun yaye ta miƙa wa Inna ita, ba ta ƙirga ta cikin 'ya'yanta, ba ta kiran sunanta, sai dai "waccan". Ba ƙi ba ne, na sha kama ta tana ɓoye mata tsoka a ƙasan tuwo. Amma ranar nan kunyar tata ta ƙona mini rai.

Wata biyu Inna na jiran mutanen nan, tun da mai unguwa ya yi shela za a zo rubuta yara masu lalura, wanda ya shiga za a riƙa ba shi magani duk wata.

Muka ji ƙyauren gida ya rufe.

"Saude," Inna ta ce da ƙyar. "Bi su."

"Haba Inna, in bar ki a haka?"

"Ni tawa ta ƙare. Bi su."

Na ƙwala wa Naja'atu kira ta karɓe ni, na zari mayafi na fita ko takalmi babu. A bakin kasuwa na cim musu, sun riga sun shiga mota. Safana za su koma, kuma ba mai son la'asar ta riske shi a hanyar nan. Na kama murfin motar ina haki.

"Malama, kun bar yarinya a gidan can!"

Malamar, Ramlat sunanta, ta duba wayar aikinta. "Baba, mun gama da gidan. Uwar da bakinta ta ce biyu."

"Ke ba Bahaushiya ba ce? Wace uwa za ki tsare da ido ta ƙirga miki ɗiyar fari?"

Ta sake duban wayar.

"Malama, rana fa ta karkata," in ji direba. "Ni kam ba na kaiwa yamma."

"Minti goma," ta ce masa, ta diro.

Tun daga zaure na ji salati. Na faɗa ɗakin. Na tarar Naja'atu ta riga ta shafe wa Inna idanu, tana ɗaure mata haɓa da gefen ɗankwali. Kwana uku ina zaune da baiwar Allahn nan, sai da na fita ta cika. Har yau abin na ci mini rai.

Ramlat ta durƙusa ta yi gaisuwa, ta miƙe sum-sum za ta fita. Na tare ƙofa.

"Don abin nan ta kore ni daga kanta. Rubuta. Zan faɗa miki komi."

"Ba a karɓa daga maƙwabci, Baba. Sai daga bakin mai riƙon yarinyar. Wa ke riƙonta?"

Duk muka dubi gado. Daga nan muka dubi Naja'atu.

Can waje direba ya danna ham, ya sake dannawa.

Ramlat ta tsugunna gaban Naja'atu. "Yaya, ki yi haƙuri. Yaranki nawa?"

Naja'atu ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Na so in girgiza ta, na daure.

"Uku."

"Sunan babbar?"

Ham ɗin ya sake tashi, wannan karon bai tsaya da wuri ba. Da ya yi shiru, Naja'atu ta buɗe baki.

"Hadiyya."

Yarinyar ta ɗago kai daga bayan kakarta. Ta dube ni, ta dubi Ramlat, ta leƙa bakin ƙofa, tana neman wanda ya kira ta.