Gurbi Uku a Bargon Jamila

Ni dai ban taɓa satar ƙyallen kowa ba. Shekara da shekaru ina ɗinki a ƙauyenmu, can bayan Kudan, kuma duk wadda na yi wa riga sai na naɗe ragowar atamfarta na miƙa mata. Su da bakinsu suke cewa, "Haba Mukarrama, me zan yi da wannan tsumma? Zuba a shara." To ni sharata wani buhu ne a ƙarƙashin gado, da abin da ke cikinsa nake ɗinka hoto.

Aikin ba wani ɓoyayyen abu ba ne. In shimfiɗa farin yadi, in yanka ƙyallaye in jera, kore ya zama gonar rake, shuɗi ya zama ruwa, in sa tsohon bargo a tsakiya in bi da allura har ya yi kauri. Fuska ce kawai ba na yi, don Malam, maigidana, ya ce in bar wa Allah ido da hanci. Ban yi musu ba. A garinmu wa yake neman fuska? Tun daga nesa ake gane mace da zanenta.

Da aka sa ranar bikin autata Jamila da wani malamin makaranta a Ikara, na ƙudurta ba da kwanuka da katifa kaɗai za ta tafi ba, har da ranar da aka haife ta. Ranar kasuwar Makarfi ce, maza duk sun watse, ruwan sama ya cika rafi ya shanye hanya, haihuwa kuma ta zo mini da gardama. Mata huɗu suka cire ƙyauren ɗakina, suka ɗora ni a kai, suka ɗauka a ka, suka ratsa ruwa har ƙugu sai bakin titi. Yaya Badi'a maƙwabciyata ce a gaba, gefenta Goggo Ummuhani mai tallan nono, Rashida da Ummulhairi a baya. Haka na ɗinka su, kowacce da atamfar da na taɓa yi mata riga da ita. Na rufe ƙafafunsu da siririn shuɗin gyale, na bi kai da zare kamar igiyar ruwa.

Na gama bargon na shanya shi a tsakar gida, sai wata mai dogon baki ta shigo karɓar ɗinki ta gani. Ashe tun damina gwiwar Yaya Badi'a take kumbure, ta sha magani har ta gaji. Aka je aka ce mata ƙyallenta yana gidana, an caccake shi da allura daidai gwiwa. Kafin la'asar ciwon kan Rashida ya zama aikina, akuyar Ummulhairi da ta ci leda ta mutu ita ma ni ce. Mata suka dinga aiko a karɓe musu atamfofinsu, har waɗanda na riga na yanka. Ni Mukarrama, wadda ko ƙofar boka ban sani ba, wai ni ce mai sammu.

Washegari mai unguwa Zulkifilu ya zo zaurenmu, matan huɗu suna biye da shi. Malam ya yi ta nuna musu cewa cuta da waraka duk na Allah ne, suna gyaɗa kai, idonsu yana kan bargon.

Mai unguwa ya ce, "Mukarrama, ban ce kin yi wani abu ba. Amma don a zauna lafiya, a ƙone shi kowa ya huta."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ba za a ƙone ba."

"Magana nake miki ta maslaha."

"Na ji, ranka ya daɗe. Ruwan nan da yadina na yi shi, raken nan ma haka, wadda ke kwance a kan ƙyauren kuma ni ce. Ba wanda zai sa mini wuta da raina. Mai ƙyalle dai ta karɓi ƙyallenta."

Na ɗauko reza na shimfiɗa bargon a tabarma. Na dubi Yaya Badi'a, matar da ta riƙe hannuna muna cikin ruwa tana cewa kada in kuskura in mutu mata a ka. Na ce, "Yaya, in cire ki?"

Ba ta kalle ni ba. Ta ce, "Ƙafata, Mukarrama. Ko salla a zaune nake yi."

Na ɗage gyalen, na farke ta zare bayan zare, na miƙa mata ita sukutum, jar atamfa mai hannu ɗaya a sama. Rashida ta ce ita ma, Ummulhairi ta ce ita ma. Duk da baƙin cikin da nake ciki, ban yanke ko silin zare ɗaya ba daidai ba. Da na zo kan Goggo Ummuhani sai ta buge mini hannu.

Ta ce, "Ke, bar ni a ruwana. Ranar ban saki ƙyauren nan ba, yau zan sake shi? Gwiwata ta fi ta Badi'a ciwo, kuma na san mai yi mini, tsufa ne."

Mai unguwa ya dubi farin gurbi uku da suka rage, ya ce to in cike su da wani ƙyallen, ganinsu ba daɗi. Na ce ba wanda ya ɗauke ni sai su, ba zan ɗinka ƙarya ba. Bayan sun tafi na shiga ɗaki na yi kuka mai isata, don abin ya ci mini rai ƙwarai. Jamila ta shigo ta naɗe bargon ta ce, "Umma, a haka zan rataye shi."

Na san uwa ba ta zuwa jere. Ni na je, masu magana suka yi ta yi. Muka cika bas da matan unguwa har Ikara, Yaya Badi'a tana ciki da sandarta, don cire ƙyallen bai sauke mata kumburi ba. Da hannuna na kafa ƙusa na rataye bargon a bangon da ke kallon ƙofa.

Gwaggon ango ta shigo ganin ɗaki, ta tsaya ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Ikon Allah. Tsohuwar nan ita kaɗai ta ɗauki ƙyaure da mutum a kai? Su wa aka cire a nan?"

Na ce, "Suna cikin ɗakin nan, Hajiya. Su faɗa da bakinsu."

Rashida ta sunkuya tana goge kwanon da aka riga aka goge, Ummulhairi ta tuna ba ta yi alwala ba ta fita. Yaya Badi'a ta jingine sandarta, ta kwance haɓar zanenta, sai ga jar atamfar nan a ƙudundune.

Ta ce, "Na kai ta bakin murhu na kasa. Kullum na buɗe sai in ga hannuna a sama ba ya riƙe da komai. Mukarrama, mayar da ni."

Wallahi zuciyata ta karye, amma ban bari ta gani ba. Na zare allurar da ba ta rabuwa da ɗankwalina na miƙa mata. Na ce, "Ni na ɗinka ki sau ɗaya, Yaya. Yanzu ki shiga ruwan da ƙafarki."

A tsaye ta yi shi, a kan gwiwar nan mai ciwo, ta ƙi kujerar da aka kawo mata. Ɗinkin ya karkace, zaren ma baƙi ne a kan ja, amma hannun ya taɓa ƙyauren. Har yau bargon yana bangon Jamila da gurbi biyu a baya, kuma na hana kowa ya gyara.