Ɗinkin Bahaguwa

Duk shekara, da zarar ɗari ya shiga, Hajiya Jaratu takan ɗaure kayanta ta bar Yamai. Takan hau babbar mota zuwa Tawa, daga nan ta shiga ƙarama zuwa wani ƙauye da ke bakin tabki kusa da Keita, inda ƙawarta Raihanatu take zaune da mijinta Malam Abdulwahab. Kwana arba'in take yi. Ƙawancensu ya samo asali tun zamanin furoje, wato aikin raya karkara, lokacin da su biyun suke ɗaukar duwatsu a ka ana tare ruwa a kan tsaunuka.

Bana ɗanta Mustafa, wanda take zaune a gidansa, bai so tafiyar ba. Ya ce shekaru sun ja, hanya kuma ba ta ragu ba, kuma in ya ga wani rauni a lafiyarta, to wannan zuwan shi ne na ƙarshe. Ta amsa masa da cewa ƙalau take. Abin da ba ta faɗa ba shi ne, tun damina wani hazo ya sauka a idanunta, kullum yana ƙara kauri. Al'adarta ce ta koma masa da hula ɗinkin hannunta kowace shekara, don haka ta ƙudura cewa hular bana za ta zama shaidarta: in ya ga ɗinki tsaf, ba zai tambayi ido ba.

Zaman ƙauye kuwa tsarinsa ɗaya ne. Da safe su sha kunu a bakin murhu har yatsu su saki. Da hantsi su ɗauki tabarma su gangara garkar albasar Malam Abdulwahab, su shimfiɗa ƙarƙashin gawo, inda ake hango tabki. Matan su buɗe gwangwanin allura da zare, shi kuma in ya gama ban ruwa ya zo ya zauna gefe da tsohon madubinsa na hangen nesa, wanda yake kira jumel. Wani bature ne ya bar masa shi da furoje ya tashi, tun ranar kuwa tsuntsayen tabki ba su sake samun sirri ba. Raihanatu takan ce da ya san ƴan uwanta kamar yadda ya san agwagin ruwa, da an yi zumunci.

In ya miƙa wa Jaratu jumel, sai ta kafa shi a ido, ta kuma kasa kunne. Da ta ji fito siriri sau uku sai ta ce kirinjijiya ce, da ta ji ƙara mai kaifi a bakin laka sai ta ce zakaran ƙeƙuwa ne. Malam yakan jinjina kai ya ce zaman birni bai ɓata ta ba. Ita kuwa abin da take gani bai wuce fari-fari a kan toka-toka ba.

Hular ce ta fi ba ta wuya. Zanen na shuɗi ne da tsanwa, su biyun kuma sun zame mata launi guda. Takan zaɓi zare da bismilla, ta bi layi da ɗan yatsa. Bayan azahar, in sun koma gida, takan kishingiɗa kaɗan, ta bar ɗinkin a cikin faifai.

A rana ta tara, tana shafa aikin jiya don ta gane inda ta tsaya, sai yatsanta ya tsaya cak. Layi uku a tsakiyar zanen sun kwanta ta hagu, alhali ɗinkinta tun tana budurwa ta dama yake kwanciya. Ta sake shafawa. A duk ƙauyen mace ɗaya ce take riƙe allura da hagu, ga ta nan zaune kusa da ita tana tsinke zare da haƙori. Ashe in ta kwanta, Raihanatu takan ɗauki hular ta warware inda launi ya saɓa, ta mayar da daidai, ta ajiye kamar ba a taɓa ba.

Jaratu ta ci gaba da ɗinkinta. Da fari ranta ya sosu, don ba a taɓa gyara mata ɗinki ba. Daga baya sai kunya ta rufe ta. Kwana biyu ta yi tana ɗinki da safe, tana kwanciya da rana ido biyu, tana jin motsin faifai a tsakar gida.

A rana ta uku bayan haka, suna zaune ƙarƙashin gawo, Malam Abdulwahab ya rage murya ya ce kada kowa ya motsa. Gauraki biyu ne suka sauka a tsallaken ruwa. Shekara shida rabon da a gan su a tabkin, kuma duk zuwan Jaratu sai ta tambaye su. Ya miƙa mata jumel. Ta kafa, ta jira su yi kuka, amma tsuntsayen kiwonsu kawai suke yi shiru. Ta juya dama, ta juya hagu. Can sai ta ji hannun Raihanatu a gwiwar hannunta yana karkata ta a hankali zuwa inda suke.

Ta sauke jumel ta ɗora a cinya.

"Malam, karɓi abinka. Ban ga komi ba. Tun da niz zo ban ga tsuntsu ko guda ba, da kunne ni ka gane su." Sannan ta juya wajen ƙawarta. "Ke kuma bahaguwa, in za ki yi satar ɗinki, ki koyi kwantar da zare ta dama."

Raihanatu ta ci gaba da zura zare a allura. Ta ce ai tun daren isowarta ta gane, lokacin da Jaratu ta gaida turmi tana zaton jikar Raihanatu ce ke tsugune. Ta ƙara da cewa shekara arba'in ana yi mata gorin hagu, yau ga shi hagun ta yi rana.

"To mi ya hana ki faɗi?"

"Ƴar Yamai, ke da kinka ɗauko dutsen da ya fi kanki kinka ƙi a kama miki? Jira ni ka yi ki gaji."

Malam ya yi gyaran murya ya ce yanar ido ce, ga dukkan alamu, kuma an yi wa wansa aikinta a likita, yanzu har ƙwayar gero yana tsinta. Jaratu ta ce ba wuƙar likita take tsoro ba. Tsoronta a ce mata ta zauna a Yamai, ɗari ya zo ya wuce tana jin ƙarar motoci. Babu mai iya yi mata alkawari a madadin ɗanta.

Ta daɗe tana juya hular a hannu. Za ta iya bari Raihanatu ta ƙarasa, Mustafa ba ya bambance ɗinkin dama da na hagu. Amma shekara mai zuwa fa, da wadda ke bin ta? Ta ciro salula daga lalitarta ta miƙa wa Malam ya nemo mata lambar Mustafa.

Ta gaya wa ɗanta komai, ba ta rage ba. Ya ce gobe zai turo mota. Ta ce a'a, saura kwana ashirin da takwas, kuma hularsa ba ta kai rabi ba. Aka ja, aka sassauta, har ya yarda, bisa sharaɗin ba za ta hau mota ita kaɗai ba, kuma daga tasha sai likita. Raihanatu, wadda ba ta taɓa wuce Tawa ba, ta ce ita za ta raka ta. Batun baɗi kuwa Mustafa ya ce sai abin da likita ya faɗa.

Da yamma Raihanatu ta ƙulla ƙulli ɗaya a bakin zaren shuɗi, biyu a na tsanwa, don yatsa ya riƙa gane su. Jaratu ta ce layukan hagun nan a bar su yadda suke. Ta kuma ce in ta tashi tafiya, gwangwanin allurarta a nan zai zauna, kan bangon ɗakin Raihanatu, kada wanda ya kuskura ya aika mata da shi.

Washegari gaurakin suna nan. Malam ya riƙe jumel yana faɗa mata yadda tukkun kansu yake sheƙi kamar zangarniyar da rana ta buga, da jan da ke kumatunsu. Jaratu tana saurare, allura tana tafiya. Can ɗayansu ya ɗaga wuya ya yi kuka, ta ce wannan kam ba sai an gaya mata ba.