Abin da Mai Inji Ya Ji a Matsirga

Mai Inji ya dafa kafaɗar surukinsa ya tsallake gungumen da ya gitta hanya, sannan ya tsaya yana mayar da numfashi. Tun da motar haya ta sauke su a ƙarshen kwalta suke ratsa dajin nan, rana har ta ɗaga, amma babu alamar ruwa sai laka. Surukin, wanda kowa ke kira Dogo, malamin makaranta ne, shi ya ɗauki nauyin nuna hanya da taswirar cikin wayarsa. Wayar kuwa ta ɗauke tun da suka shiga inuwar manyan itatuwa, amma bai fasa dubanta yana cewa an kusa ba.

"Tun ɗazu ake kusa," in ji Auta daga baya. "Baba, kada ka biye masa, ko a gida sai na nuna masa inda ya ajiye takalminsa."

Mai Inji ya yi dariya, ya kuma lura cewa wannan karon ya san abin da yake wa dariyar.

Auta ce ƙaramar 'yarsa, matar Dogo, ma'aikaciyar jinya, ita ta ƙulla wannan tafiya. Shekarun da ya yi a gaban injin niƙa sun cinye masa kunne. Da ya bar aiki sai ya koma zaman falo, hira na wucewa ta kansa, in ya ga an yi dariya shi ma ya taya. Auta ta kai shi asibitinsu aka saka masa na'urar ji, ya gwada ya ce ba da shi ba: cokali in ya faɗi kamar maƙeri na dukan ƙarfe, fanka kamar jirgi zai tashi. Ya jefa ta cikin durowa. Da lallashi ya gaza, Auta ta kawo sharaɗi. Akwai wata matsirga can cikin daji, inda kogi ke faɗowa daga kan dutse. Ya saka na'urar ya bi su. In ya dawo bai ji abin da ya kai a saurara ba, ta yi alkawarin ba za ta sake tayar da zancen ba.

Ya zo ne da niyyar cin gardama, amma dajin ya ƙi ba shi haɗin kai. Busasshen ganye na ƙara a ƙarƙashin ƙafarsa. Wani tsuntsu na maimaita kira ɗaya kamar mai talla. Har gwiwarsa ya ji tana ƙas-ƙas a hawa, ya tambayi Auta ko dama haka take yi. Ta ce ta daɗe tana yi, kowa a gida ya sani sai shi.

A wata mararraba Dogo ya tsaya yana juya wayar sama da ƙasa. Mai Inji ya karkata kai. Can nesa, ta hannun hagu, akwai wani gurnani mara yankewa.

"Wani ya tayar da inji a can," ya ce.

Su biyun suka kasa kunne, ba su ji komai ba. Bai jira su ba, ya kama hanyar hagu yana ture rassa da sandarsa, suka biyo shi. Gurnanin ya yi ta girma, iska ta yi sanyi, ƙasa ta koma santsi. Da suka zagaya wani ƙaton dutse sai ga ruwan, fari fat, yana zubowa daga tsayin da sai ka riƙe hula kafin ka ga ƙarshensa. Feshi ya tashi kamar hayaƙi, bakan gizo ya kwanta a cikinsa.

Auta ta taɓa hannunsa, ta nuna kunnenta, ta nuna feshin. Na'urar ba ta shiri da ruwa. Mai Inji ya harare ta: wato duk wannan wahala a zo a saurara, an iso kuma a cire kunnen. Ya cire, ya naɗe a hankici, ya tura can ƙasan aljihu. Duniya ta koma shirun da ya saba, sai dai dutsen da yake kai yana rawa, rugugin yana shiga ta tafin ƙafarsa har ƙirji, kamar yadda injinsa ke yi masa a da. Ya zauna ya miƙe ƙafa cikin ruwan sanyi, ya ƙyale maganar.

Daga inda yake yana hango su a bakin tafkin. A nan kowa kurma ne. Dogo na wage baki yana nuna sama, Auta na girgiza kai. Sai ta kama hannun mijinta, fuskarta ta canza, ta faɗi wata magana. Dogo ya kara hannu a kunne. Ta sake faɗa, a hankali.

Mai Inji bai yi niyyar leƙen asirin kowa ba. Amma wanda ya ƙare ƙuruciyarsa cikin ƙarar inji, a leɓen mata yake gane mai son laushi da mai son tsaki. Maganar ta iso masa sarai: za ka zama baba.

Auren nan ya daɗe, an sha zuwa asibiti, an sha dawowa shiru, har gida aka daina tambaya don kada a fama mata ciwo.

Shi kuwa Dogo kalmar ƙarshe kaɗai ya tsinta, ya ɗauka wani abu ne ya sami Baba. Ya saki hannun matarsa ya rugo yana zamewa a kan duwatsu, ya tsuguna gaban surukinsa, ya taɓa masa goshi, ya buɗe gorar ruwa ya miƙa masa. Mai Inji ya karɓa ya sha, don bai san abin da zai yi da fuskarsa ba. A can baya Auta ta zauna dirshan a kan dutse tana dariya har da riƙe ciki, ta ɗaga hannu alamar ta haƙura.

Suka ci burodi da ayaba, suka ɗauki hotuna, Mai Inji ya wanke fuska fiye da yadda take buƙata. Irin wannan magana ba ta uba ba ce, balle a gaban suruki, don haka ya haɗiye ta. Amma da suka tashi komawa Auta ta sunkuya za ta ɗauki jakarta, ya riga ta. Ya rataya wa Dogo a kan tasa, ya miƙa mata sandarsa, ya nuna mata gefen da ba santsi. Ta dube shi, ya kau da kai yana nazarin wata bishiya. Ta ja mayafi ta rufe rabin fuskarta.

Sai da rugugin ya yi nisa ya zaro hankicin ya mayar da na'urar da kansa, ba wanda ya tuna masa. Dogo, mai jaka biyu, yana tambayar matarsa me take ta faɗa ne a bakin ruwa, tana ce masa ya bari a isa gida. Ganin ba ta da niyya, ya juyo wajen surukinsa cikin tausayi, ya ɗaga murya yadda ya saba.

"Sai haƙuri, Baba. Duk wannan tafiya, an je an cire maka abin, ba ka ji komai ba."

"Rage murya, ina jin ka," in ji Mai Inji. "Na ji abin da ya ishe ni. Kai dai ka rage sauri, ba tsere muke ba."