Jinin Awawu a Bakin Rijiya

Tun daga Yendi Kawu Sumani yake faɗa a kan babur. Taslima na bayansa, tana jin rabi, iska na kwashe rabi.

"Ki ga tsohuwar kasuwa, ki ɗauki hotonki, mu juya. Amma ruwa, ko ɗigo!"

Dokar gidansu ce a Bawku. Kakar kakarsu Awawu, a Salaga aka yi mata wanka a bakin rijiya, aka shafe ta da man kaɗanya, aka sayar da ita. Tun daga nan ake cewa duk jininta da ya sha ruwan garin ba zai koma gida ba. Shi ya sa Kawu ya ɗauro jarka cike daga Yendi.

Da suka isa Salaga, sai suka zaga filin da goron Gwanja ya taɓa tara fataken Kano da Barno. Suka ga sarƙoƙin bayi. Daga nan sai rijiyoyin, ciyawa ta cinye bakin wasu. Wani dattijo mai kula da wurin, Mahama, ya fito riƙe da ƙwarya, don a gidansa ba a jin labarin baƙo sai ya sha ruwa.

"Maraba. Ku jiƙa maƙogwaro."

Kawu ya ja da baya har ya taka kaza. "Azumi muke, Baba."

"Azumi? Da goro a kumatu?"

Taslima ta matso. "Baba, mu jikokin wadda aka sayar a nan ne. An ce in mun sha, garinku zai riƙe mu."

Dattijon ya sauke ƙwaryar a hankali. "To, ba dole, 'yata."

"Na wace rijiya ne?"

"Ta gabanki."

Ta miƙa hannu biyu ta karɓa.

"Taslima!" Muryar Kawu ta fashe. "Me zan gaya wa uwarki?"

"Ka ce mata Awawu da sarƙa aka riƙe ta. Mu kuma fa? Da ƙwarya?"

Ta yi bisimilla, ta kafa kai. Ruwan na zuba kan hijabinta, ba ta ɗago ba sai da ta ga gindin ƙwaryar. Sannan ta kwance jarkar Kawu, ta tuttular da ruwan Yendi a ƙasa, ta roƙi guga ta cika ta.

"Wannan tsarabar Bawku ce. Har jarirai sai sun ɗanɗana."

Ta zare makullin babur ɗin daga hannun Kawu.

"Hau baya, Kawu. Gida za mu."