Jan Idon Malam Tahir

Shekara bakwai Malam Tahir yana fama da bayansa. Da asuba yakan tashi a sandare, sai ya yi ta zagaya tsakar gida kafin ya iya ruku'u. Da noma ya gagare shi, ya koma ɗinkin hula a zaure, yana kai wa 'yan kasuwa a Bici. Mutanen ƙauyensu suka ce sanyin ƙashi ne, shi ma ya yarda.

Ana cikin girbin gero idonsa na dama ya yi jajir. Matarsa Hure ta ce apolo ne, ta sayo masa maganin ɗigawa a kemis. Sati biyu jan bai tafi ba, kuma da haske ya taɓa idon sai ya ji kamar ana tsira masa ƙaya. Ya lafa, bayan wata uku ya dawo.

Ya hau mota zuwa wani asibiti a birni. A ɓangaren ido aka leƙa idon, aka rubuta masa wani maganin. Da ya fara maganar bayansa, aka ce nan ido ake dubawa, ya je ɓangaren ƙashi. Can kuma da ya ambaci ido, wata ma'aikaciya ta nuna masa hanyar da ya fito. Sau huɗu yana zuwa, kowane zuwa yini guda a kan benci, ga bayan ba ya son zama.

Ran nan ya dawo gida ko abinci ya ƙi ci.

"Malam, ka yi haƙuri," in ji Hure.

"Haƙurin me? Ba wanda ya bari na kai ƙarshen maganata. Jiya Alhaji Abdulkabir na kasuwar Bici ya dawo mini da hula, wai zanen ya karkace. Shekara nawa ina masa ɗinki?"

Da ƙyar ta lallashe shi ya koma. A zuwa na biyar ya tarar da wata likitar ido, Dakta Aina'u. Ta ce ya sunkuya ya ɗora haɓarsa a kan na'ura. Ya yi, ya yi, ya kasa.

"Baba, tun yaushe bayanka ya ƙage haka?"

"Shekara bakwai. Amma an ce ba a nan ake faɗa ba."

Ta ajiye biro. Ta yi masa bayani cewa akwai ciwon da ke ƙage ƙashin baya, wanda a wasu mutane yakan kumbura cikin ido, kuma tana zaton shi ne. Idon dama ya riga ya taɓu saboda daɗewa, amma za a iya kare na hagu.

Malam Tahir ya ce, "'Yata, sau huɗu ina ƙoƙarin faɗin wannan."

Ta tashi ta raka shi ɓangaren ƙashi da kanta, aka ɗauki hoton bayan, ya tabbatar da zatonta.

An ɗora shi a kan magani, jan ya tafi, bayan ma ya ɗan saki. Idon dama dai dishi-dishi yake gani, hular da yakan gama a kwana goma yanzu sai ta ci wata guda. Masu ido Litinin suke ganinsa, masu ƙashi Alhamis. Ya roƙi a haɗa masa rana ɗaya, aka ce tsarin ba haka yake ba.