Hannun Mai Aski

Maigidana mai aski ne, kuma mutum ne da godiya ta yi wa yawa. Idan ya tashi rufe shago da yamma, sai ya bi kayan aikinsa ɗaya bayan ɗaya yana yi musu sannu. Ya kakkaɓe injin aski da burushi, ya ɗiga masa mai, ya ce, "Sannu da aiki." Ya goge almakashi, ya ce, "Kai ma sannu." Har kujerar nan mai juyawa, wadda take kuka kamar an taka wutsiyar kyanwa, sai ya dafa ta ya ce ta yi ƙoƙari. Farkon aurenmu na ɗauka wata ƙusa ce ta kwance masa a ka. Da na yi magana sai ya ce, "Rediyo, duk abin da ya taya ka neman abinci ai ya ci a yi masa sannu." Rediyo yake ce mini, wai ni ba a kashe ni. Ni kuwa na ce ya gode wa Allah, wasu mazan sai sun saya da kuɗinsu.

Ciwon ya same shi ne da hantsi, yana tsakiyar gyara wa wani gemu. Inji ya suɓuce masa, baki ya karkace, ƙafa ta ƙi ɗaukarsa. A asibiti likita ya ce hawan jini ne ya taɓa ɓarin dama, amma an yi sa'a an kawo shi da wuri. Sannu a hankali bakin ya koma daidai, ƙafar ma ta dawo, sai ɗan ja da take yi. Hannun dama ne ya dawo da rawa. Ba kullum ba. Zai ɗauki kofi lafiya lau, sai ya kusa kaiwa baki hannun ya hau karkarwa, shayi ya zube masa a riga.

Duk wanda ya zo dubiya, abin da zai ji shi ne alhamdulillahi. Ya gode wa likita, ya gode wa matar da ke goge ɗakin marasa lafiya, ya gode wa maƙwabcin da ya ɗauke shi a mota. Sandar da ya dogara da ita ma, ranar da ya ajiye ta sai da ta sha sannu. Abu ɗaya ne a duniyar nan bai samu kalma mai daɗi daga bakinsa ba, shi ne hannun nan. Ɗan banza yake ce masa, maci amana. Na sha ganinsa yana make shi da hannun hagu idan maɓallin riga ya gagara, kuma duk lokacin da na gani sai in ji kamar ni aka maka.

Ana cikin haka mai sayar da wayoyi, wanda shagonsa ke manne da namu, ya fara zaryar dubiya. Yana son ya fasa bango ya faɗaɗa wurinsa. Bakinsa na cewa ya jiki, idonsa na kan makullin da ke rataye a ƙusa. Ba mugu ba ne, mai nema ne. Maigida ya ce masa zai buɗe ya gwada, in hannun ya ƙi, ranar Asabar ya zo ya karɓi makulli. Abin ya dame ni. Ba abincinmu nake ji ba, 'ya'yanmu sun kawo ƙarfi, ni ma ina taɓa ɗinkina. Shi nake ji. Mutumin da tun yana saurayi bai san wata rayuwa ba sai tsayuwa a bayan kujera, in aka raba shi da shagon nan an binne shi da ransa.

Muka buɗe. Na bi shi da sunan zan taya shi shara. Tsofaffin masu zuwa aski suka riƙa wucewa suna ɗaga hannu, "Mai aski, jiki ya yi kyau!" suna janyo hula don kada ya ga sabon askin da aka yi musu a wani wuri. Ba wanda ya zauna. Shi kuwa sai ya ce, "Alhamdulillahi, ai sun gaishe mu." Ni da zan samu dama, da na bi su na tuge hulunan.

Sai na yi dabara irin tawa. Na kira ƙanena, direban babbar mota, mai kai kamar tulu. Na ce ya zo aski, kuma duk abin da aka yi masa ya yaba.

"Yaya," ya ce, "kan nan fa guda ɗaya gare ni."

"Gashi ne, zai fito. Ka zo kawai, kuma ka yi kamar wucewa kake."

Ya zo. Suka taɓa 'yar tsokanar da suka saba, maigida ya ɗaura masa ƙyalle a wuya, ya kunna inji. Da farko abin ya tafi daidai, har na fara murna. Da aka zo gyaran goshi sai hannun ya motsa, layi ya karkace. A bayan kunne kuma ya zabtare wani wuri kamar ɓera ya ci. Ƙanena, da yake Allah bai ba shi sanin daidai ba, ya miƙe yana juya kai yana cewa, "Kai! Wallahi ban taɓa samun aski irin wannan ba. Hannun nan ai ya fi da!" Da maigida ya juya zai ajiye inji, sai shashashan ya kashe mini ido, ni ma na ɗaga masa babban yatsa.

Duk shekarun da na yi ina auren mai aski, na manta cewa a shagon aski ba wanda yake da baya. Madubi ne a gaba, madubi a bango na baya, suna kallon juna. Ya gan mu sarai.

Bai ɗaga murya ba. Ya kwance ƙyallen daga wuyan ƙanena, ya ninke, ya ce, "Rediyo, sadaka kika kawo mini?"

 Wannan mutumin da ya yi wa marasa hali aski kyauta ba adadi, shi ba ya son a tausaya masa. Wanzami dai ba ya son jarfa. Ya tura kayan aikin cikin durowa haka nan da gashi a jikinsu, ba mai, ba sannu, ya ja ƙofa ya rufe. Wannan ne ya fi tsorata ni. A hanya ya ce in samo kwalaye, ranar Asabar za mu kwashe kaya.

Ranar Asabar da safe muka iso da kwalayenmu, sai muka tarar da mutum zaune a kan bencin ƙofar shago, ya tokare haɓa da sanda. Baba Hedimasta ne, tsohon shugaban makarantar firamare da ya daɗe da ajiye aiki. Ya yi shekaru da wata lalura da ke sa kansa girgiza, kamar mai cewa a'a ga duk abin da aka faɗa, kuma tun da ta same shi maigidana ne ke yi masa aski. Ranar nan furfura ta yi masa buzu-buzu, gemu ya haɗe da saje, da ƙyar ake ganin bakinsa.

Maigida ya juyo ya harare ni.

"Wallahi ba ni ba ce," na ce. "Wannan karon ko rantsuwar me kake so zan yi."

"Wa zai aiko ni?" in ji Baba. "Jiya na ji an ce ka buɗe. Buɗe mana ƙofa, ɗana, rana ta fara dukana."

Muka shiga. Maigida ya gaishe shi, sannan ya ce, "Baba, ai na daina. Yau ma kwashe kaya muka zo. Ga samarin nan na bakin titi, injinansu sababbi ne."

"Na je," in ji Baba. "Ɗaya ya ce in tsaya cak, kamar da gangan nake yi. Ɗayan ya danne mini kai kamar zai yanka rago, ya kuma yanke ni a kunne. Da ƙyallensu a wuya na fito. Tun daga ranar ban sake ba kowa kaina ba."

Maigida ya miƙa hannun dama gabansa. Kamar ya san ana maganarsa, sai ya hau rawa. "Dubi, Baba. Ɗan banzan nan ya ci amanata. Da me zan yi maka aski?"

Baba ya daɗe yana kallon hannun, kansa na girgiza. Sannan ya ce, "Idan kaina ya fara, me kake ce masa?"

Maigida ya kau da kai.

"Tambayarka nake, ɗana. Ni malami ne, ba na barin tambaya ba amsa."

"Nakan ce a hankali, Baba, ba sauri muke ba."

"Sai ka ɗaga inji ka jira ya lafa. Shekara da shekaru ban taɓa jin ka ce masa ɗan banza ba. Ko a zuci kake faɗa?"

"Subhanallahi! Haba Baba. Ai lalura ce, ba kai ka ɗora wa kanka ba."

"To shi wannan," Baba ya nuna hannun da bakin sanda, "shi ya ɗora wa kansa?"

Bai jira amsa ba. Ya jingine sandar, ya hau kujera, kujerar ta yi kukanta. "Ɗaura mini ƙyalle. In ka yanke kunnen, ina da wani."

Na ga maigida ya tsaya yana kallon durowa. Ni dai na danne bakina da hannu, don na san in na ce uffan na ɓata. Can ya jawo ta, ya fito da inji, ya kakkaɓe gashin ƙanena da ke maƙale a jiki, ya ɗiga mai.

Ban taɓa ganin aski mai tsawon wannan ba. Ya dafa kan Baba da tafin hagu kamar yadda ya saba, ya fara daga ƙeya. Idan kan ya girgiza, ya ɗaga inji ya jira. Da aka zo wajen kunne sai nasa hannun ya fara. Na ji ya ce, "Ɗan b..." sai Baba ya tare shi ta cikin madubi: "A hankali. Ba sauri muke ba." Maigida ya haɗiye sauran, ya ɗaga injin yana ta ƙugi a iska, ya ja numfashi har rawar ta lafa, sannan ya ci gaba. Wani lokaci kai da hannu su tashi tare, sai su tsaya su biyun suna jira. A karo na ƙarshe Baba ya ce, "Da a ce tare suke zuwa gefe guda, ai da tuni mun gama," maigida ya yi dariya har sai da ya kashe inji.

Ana cikin gyaran gemu mai wayoyi ya leƙo. Ya dubi kwalaye, ya dubi kujera, ya ce, "Ko in dawo an jima?"

"In aski kake so, bi layi," in ji Baba.

Maigida bai ɗago ba. Ya ce, "Ka yi haƙuri, maƙwabci, ina kan aiki. Maganar makullin nan a bar ta." Bawan Allah ya ce ba komai, Allah ya ƙara sauƙi, ya ja jiki.

Da aka gama, maigida ya riƙe masa ƙaramin madubi ta baya. Baba ya duba dama, ya duba hagu, irin kallon da ya saba yi wa takardun jarrabawa. "Sajen hagu ya fi na dama tsawo," ya ce. "Ƙeya ba laifi. Gemu ya yi kyau ƙwarai. Ka ci, amma ba ka cinye duka ba."

"Na gani, Baba. In rage na hagun?"

"Bar shi. Kan da ba ya tsayawa wuri ɗaya, wa zai auna? Sai wani watan."

Na ga fuskar maigida ta sake, irin sakewar da rabona da ita tun kafin asibiti. Yabon ƙarya da na shirya ya kusa rufe shagon, ga tsoho ya faɗi aibin askin ƙiri-ƙiri, mutumina yana ta washe baki. Na ji haushi kaɗan, ba zan ɓoye ba, amma daɗin ya fi yawa.

Ba wanda ya sake zama a kujerar ranar. Da yamma na kwashe kwalayen na mayar wa mai kantin da ya ba mu su, na dawo na tarar yana rufewa. Ya goge inji, ya ɗiga mai, "Sannu da aiki." Almakashi, mataji, reza, kowa ya samu nasa. Ya dafa kujera ya ce ta yi ƙoƙari. Na juya masa baya ina ninke ƙyalle, shi ma ya ba ni baya.

Akwai sauran mai a yatsunsa na hagu. A madubi na ga ya kamo hannun dama, ya shafa masa, gaɓa bayan gaɓa. Hannun na rawa, ya riƙe shi a ƙirji har ya lafa. Ya yi ƙasa da murya ya ce, "Kai ma sannu da aiki. Ka yi haƙuri da ni."

Da ya ɗago, idanunmu suka haɗu a madubin. Shi ma ya manta, ashe.

"Rediyo," ya ce, "yau ba labarai?"

Na girgiza kai. Ya kulle ƙofa da hannun dama, sai da ya yi ta lalube kafin makullin ya shiga. Na tsaya ina jira, ban karɓa ba. Da makullin ya juya, ya zare shi ya jefa a aljihu, muka kama hanyar gida.